Baffana da Littafin da Ya Ƙi Ɗauka

Ranar da muka yi zaman makokin Baffa, ofishinmu na kago, wato tura kaya gida, da ke bayan titin Liuhua Lu a ƙasar Sin bai ɗauke mu ba. Mun jingine katan-katan na mutane a bango, mun shimfiɗa darduma, waɗanda ba su sami wuri ba suka tsaya a baranda har bakin lif. Kanawa sun zo, mutanen Maradi da Yamai sun zo, 'yan Kumasi ma sun zo da tasu Hausar. Gawar tana asibiti ana jiran takardun da za a kai ta Kano. 'Yar Sin ɗin da ke sayar mana da buhu da salatif ta kawo lemo a leda, ta tsaya bakin ƙofa tana share ido, ba ta san ko ta shigo ko ta juya ba.

Ina zaune da mata a bayan labule ina jin abin da maza ke faɗa. Wani ya ce Baffa bai taɓa ɓatar wa kowa da kaya ba, kuma gaskiya ya faɗa. Wani ya ce shi ya ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya fara taka ƙasar nan bai san kowa ba. Sai wani dattijo cikin Kanawa ya gyara murya ya ce marigayi mutum ne mai sanyin zuciya, bai riƙe kowa a rai ba, ya yafe wa duniya kafin ya tafi. Aka yi ta gyaɗa kai. Na leƙa ta gefen labule na hango abokin kasuwancinsa, Alhajin Maradi, ya sunkuyar da kai yana kallon carbinsa. Shi ya san ba haka ba ne. Ni ma na sani.

Baffa ya riƙe mutum a rai. Ya riƙe shi tun ina ƙaramar yarinya har numfashinsa ya tsaya, kuma ba zan bari a goge wannan don a yi masa kwalliya ba.

Ƙanin mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni a Kano bayan an kashe Baba, shi ya aurar da ni, kuma da na fara zuwa sarin kayan yara a kasuwar Shisanhang shi ya ce in zauna in koyi kago, tunda 'ya'yansa maza babu mai sha'awar zaman Sin. Bai taɓa kiran sunana ba. 'Yar Yaya yake ce mini, ko a gaban lawban, wato maigidan da muke haya a gininsa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da tabon ƙuna a bayan hannun dama. Shayin 'yan Sin yake sha, amma sai ya zuba masa sukari har cokali ya kusa tsayawa, maƙwabtanmu su yi ta kallonsa kamar ya aikata laifi. Sinancinsa bai wuce gaisuwa da godiya da meyo ba, wato babu, kuma da meyo ɗin nan ya yi shekaru yana cin kasuwa.

Idan ka kawo masa labari, kowane iri ne, sai ya bari ka gama tsaf sannan ya tambaye ka: "Kana wurin, ko faɗa maka aka yi?" Samari suna kwaikwayonsa a bayan idonsa. Ranar Lahadi da la'asar yakan ja ni mu je bakin kogin garin nan mu zauna a kan benci. Ba kallon ruwa yake yi ba, sauraron injinan jirage yake yi. Jirgin yashi zai wuce, ya karkata kai ya ce wannan injin yana shan mai, mai shi ba ya kula da shi. Amma bai taɓa yarda ya taka jirgin ruwa a nan ba. Ko tsallakawa za mu yi, sai dai mu bi jirgin ƙasa.

A wani gari na bakin kogi aka haife mu, can ƙasa da ƙasar Hausa. Ba zan faɗi sunansa ba, masu shi sun san kansu. Kakanninmu sun je can sayen kifin banda suka zauna, har aka haifi iyayenmu, amma unguwarmu ba ta daina zama unguwar baƙi ba. Baba yana da jirgin fito mai inji, yana tsallakar da mutane da awaki da buhunan kifi daga kwata zuwa ɗaya gaɓar. Baffa ne makanikinsa. Rigima ta tashi a kan wanda za a naɗa sarkin kwata, ɗan ƙasa ko baƙo, ta yi ta tsami har ranar wata kasuwa ta fashe.

Ni abin da na riƙe kaɗan ne. Na tuna wata mata mai bandar kifi, 'yar ƙasa, ta fizgo hannuna ta cusa ni cikin rumfarta tare da wasu yara biyu, ta rufe mu da tabarmi masu ƙaurin hayaƙi, ta zauna a bakin rumfar tana jan waƙarsu kamar babu abin da ke faruwa. Daga baya an ƙone mata gida saboda mu. Sauran labarin daga bakin Baffa na ji. Tun da wuta ta kama unguwarmu Baba yake ɗibar mutane yana tsallakarwa, ya sauke ya dawo, ya sauke ya dawo. A sawun ƙarshe Baffa ya roƙe shi kada su koma. Baba ya ce 'yarsa tana can. Da suka iso kwata suka tarar da taro. Baffa ya faɗa ruwa ya shige ƙarƙashin wani kwale-kwale, daga nan ya ga hedimastan makarantar garin, mutumin da suke sahu ɗaya da shi a masallacin Juma'a, ya ɗaga hannu ya nuna Baba. Abin da ya biyo baya Baffa bai taɓa bayyana mini dalla-dalla ba. Ya ce sun cinna wa jirgin wuta, man da ke kan ruwa ya kama, shi ne tabon hannunsa.

Wani abu game da shi da ya daɗe yana ba ni haushi: duk sanda zai ba da labarin nan, sai ya fara da cewa samarinmu ne suka fara fasa wa wani ɗan ƙasa kai a kasuwa, suka kuma ƙone rumfuna biyu. Na taɓa ce masa ya riƙa tsallake wannan wurin, tunda su ba sa faɗin nasu. Ya ajiye kofin shayi ya dube ni har na sunkuyar da kai. Ya ce in ya cire wannan, to da wane baki zai ce wani ya yi ƙarya.

Sau ɗaya ya koma garin, shekaru da yawa bayan haka. Ya dawo ya ba mu labarin ciyawa ta tsiro a tsakiyar kasuwa, rumfunan banda sun rushe, awaki ne ke kwana a kwata. Ba ya musun cewa gadar da aka gina a sama da garin ta ci nata, yashi ma ya cike hanyar jirage. Amma ya ce gada ba ta hana kifi fitowa ba. Masu sayen kifin aka kora, da masu kai shi arewa, da masu gyaran inji, mutanen ƙetare kuma suka ji tsoro suka mayar da cinikinsu wata kasuwa. Ya ce ya zaga garin da ƙafa, bai gaisa da kowa ba, ko ruwa bai sha ba. Matarsa ta tambaye shi ko ya ji tausayinsu. Ya ce daɗi ya ji, kuma ba zai yi mata ƙarya ba.

Duk da haka, shekarar annoba, lokacin da masu gidaje a nan suka riƙa fitar da baƙar fata suna barinsu a titi da akwatunansu, Baffa ya buɗe sitonmu ya kwantar da mutane a kan kwalaye. Cikinsu akwai samari biyu daga yankin garinmu, 'yan ƙasa, da yarensu ya gane su. Na ja shi gefe na faɗa masa. Ya ce ya ji tun kafin ni, kuma shekarunsu ba su kai a ce suna kwata ranar nan ba. Shi ya riƙa dafa musu shinkafa da wake da kansa. Abin da ya ɓata masa rai a lokacin shi ne yadda aka riƙa ba da labarin a waya: wasu sun ce ba a kori kowa ba, wasu sun ce an kashe mutane a titi. Ya ce ga shi muna wurin da idonmu, tun ba a gama ba an fara sake masa kama.

Bayan annobar ta lafa an buɗe hanya ne wani mutum ya shigo ofishinmu, mai kimanin shekara arba'in da wani abu, mai ladabi, da Hausar garinmu a bakinsa. An ce masa akwai ɗan gida da ke kago a nan. Ya durƙusa ya gaida Baffa, ya ce ya zo buga littafin tarihin garinsu ne, wanda mahaifinsa ya rubuta, za a raba a bikin garin da ke tafe. An gama bugawa, kaya suna ƙasa a mota. Ƙa'idarmu ce ba ma karɓar katan sai mun buɗe, don haka aka hauro da ɗaya na yanka salatif. Littafi ne mai kyau, bango mai sheƙi, da hoton kogin a gaba. A baya kuma hoton wani tsoho da hula da tabarau. Baffa ya daɗe yana kallon hoton, don hedimastan nan ne. Sannan ya miƙo mini ya ce in nemo inda aka yi maganar rikicin in karanta, domin Turancinsa ba ya sauri.

Shafi ɗaya da rabi ne. An rubuta cewa baƙi daga arewa, waɗanda garin ya yi wa masauki, su suka tayar da hankali. An ce wani mai fito cikinsu, wanda aka sani da shaye-shaye, shi ya fara banke kwale-kwalen 'yan ƙasa da gangan, daga baya ya cinna wa jirginsa wuta ya gudu. An ce ba a yi asarar rayuka sosai ba. An ce garin ya koma baya ne saboda gada da yashi, da kuma baƙin da suka tatse shi suka watse. Baba bai taɓa kai ko taba bakinsa ba. Ina karantawa ina fassarawa, mutumin kuwa yana murmushi yana jiran a yaba.

Baffa ya rufe katan ɗin da hannunsa, ya tura shi da ƙafa zuwa bakin ƙofa. Ya ce: "Mai fiton nan yayana ne. Wannan da ta karanta maka 'yarsa ce. Ɗauki kayanka."

Mutumin ya yi ta rantsuwa bai sani ba, ya ce lokacin yana goye. Baffa ya ce ya yarda, amma kayan ba za su shiga kwantenarsa ba. Bai tsaya nan ba. Ya sa hularsa ya bi masu kago ɗaya bayan ɗaya, Kanawa da 'yan Nijar da 'yan Gana, gini bayan gini, yana ba su labarin tun daga kan da aka fasa a kasuwa. Duk inda ɗan hedimasta ya je sai a ce masa kwantena ta cika. Ya yi ta yawo da motar haya cikin zafin garin nan, bizarsa tana ƙarewa.

A kan wannan suka yi faɗa da Alhajin Maradi, mutumin da suka yi shekaru suna cin abinci a tire ɗaya. Alhaji ya ce kaya kaya ne, muna loda takalma ba ma tambayar wa zai sa, kuma wannan bawan Allah bai kashe kowa ba. Baffa ya ce takalmi bai taɓa kiran yayansa mashayi ba. Alhaji ya ce in aka fara haka, gobe wani zai hana kayan wani don sun yi rigimar gona a ƙauye. Baffa ya ɗauke cokalinsa daga tiren ya koma cin abinci a kan teburinsa, aka daɗe a haka. Wasu 'yan kasuwa ma sun janye kayansu daga wurinmu, suka ce tsohon ya fara haɗa ciniki da gaba. Ya sani, bai damu ba.

Da abin ya ƙi, ɗan ya dawo da waya a hannu ya ce mahaifinsa yana son magana. Baffa ya ce a buɗe murya kowa ya ji. Tsohon ya yi sallama, ya yi doguwar gaisuwa, ya ce su duka sun tsufa, abin da ya wuce ya wuce, littafin don yara ne su san garinsu ya taɓa yin daraja. Baffa ya ce abu biyu yake so, in an yi su zai kai kayan har ƙofar gidansa: a cire ƙaryar da aka yi wa yayansa, a kuma sa labarin matar nan mai banda, 'yar uwarsu ce, an ƙone mata gida don ta ɓoye yara. Tsohon ya ce in ya rubuta haka akwai gidajen da za su ji kunya, jikokinsu suna nan a garin. Ya ƙara da cewa mu ai mun tafi.

Baffa ya matso da bakinsa kusa da wayar. Ya ce: "Ba tafiya muka yi ba, malam. Ina ƙarƙashin kwale-kwale, ruwa a wuyana, ina kallonka lokacin da ka ɗaga hannu."

Sai wayar ta katse. Daga ƙarshe wani kamfanin 'yan Sin ne ya loda littattafan ta tashar jiragen ruwa ta Nansha, suka isa bayan an kwance rumfunan biki. Da labarin ya iso mu Baffa ya yi dariya har da tari. Amma an raba littafin duk da haka, an kai makarantu. Wannan ya sani, kuma daga lokacin ya rage zuwa bakin kogi.

Zuciya ce ta kayar da shi, da rana tsaka, yana tsaye ana auna kaya. A asibiti wani malami cikin masu dubiya ya yi masa nasiha ya saki duk abin da ke ransa kafin ya gamu da Ubangijinsa. Baffa ya ce ya yafe wa duk wanda ya zage shi ko ya cuce shi a kasuwa, ya kuma nemi Alhajin Maradi ya yafe masa cokalin da ya ɗauke. Alhaji ya kama hannunsa yana kuka. Sai Baffa ya nuna ni da haɓa ya ce jinin Yaya ba nasa ba ne shi kaɗai da zai bayar kyauta, ga mai shi nan. Bai ƙara wata doguwar magana ba bayan wannan.

An kai shi Kano, an rufe shi kusa da mahaifiyarsu. Ni na zauna riƙon ofis. Lokacin baje koli, gari ya cika da baƙi, sai ga ɗan hedimasta a bakin ƙofa, ya rame. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce mahaifinsa yana kwance, tun da ya ji rasuwar Baffa ba ya barci, kullum sai ya tambaya ko marigayin ya bar wata magana a kansa. Yana roƙon in yafe masa. Alhajin Maradi yana zaune a kujerar Baffa yana ji. Na ce bakin da ya iya roƙo ya iya faɗin abin da ya faru. Ya je ya ɗauko muryar tsohon a waya yana faɗa, daga farko, sannan a zo a yi mini maganar yafiya.

Ban zaci zai dawo ba, amma ya dawo. Ya ajiye wayar a kan tebur ya kunna. Murya ce ta tsoho, tana shaƙewa, ana jin fanka tana juyawa a bayansa. Ya ce mai fito ba mashayi ba ne. Ya ce bai banke kowa ba, mutane yake tsallakarwa, kuma ya dawo ne neman 'yarsa. Ya ce shi ya nuna shi. Ya ambaci matar da sunanta, ya ce ya san waɗanda suka ƙone mata gida. A ƙarshe ya ce yana roƙo wannan magana ta tsaya tsakanin gidaje biyu.

Na ce ɗan ya turo mini, ya turo. Sai ya fara magiya, ya ce yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba, sunan gidansu ne, in yi wa Allah in riƙe a wurina. Na tambaye shi ko littafin tsakanin gidaje biyu aka raba shi. Na ce masa ba zan yi a bayan idonsa ba, ya tsaya ya gani. A gabansa na tura wa zauren waya na 'yan unguwarmu da suka watsu a Kano da sauran garuruwa, na tura wa samarin nan biyu da suka kwana a sitonmu, na ce su kai wa mutanensu. Ya zauna a kan katan ya rufe fuska da hannu. Da ya tashi tafiya ya tambaye ni ko yanzu na yafe.

Na ce: "Ka ce masa na ji."

Bayan ya fita Alhajin Maradi ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, ɗiyata, kin yi tsanani. Na ce na sani. Ya ce to in sake kunna masa, akwai wurin da bai ji da kyau ba.

Kafin magariba wayata ta fara ƙara. Wasu suna kuka, wasu suna zagina, wasu sun ce muryar haɗa ta aka yi da na'ura. Ban sani ba ko Baffa zai ce na yi daidai, domin ya tausaya wa ɗan fiye da yadda ya nuna. Allah ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da yayansa, ya saka wa matar nan da gidan da wuta ba ta ci.

Hedimasta yana nan da ransa. An ce tun ranar wayarsa ba ta huta ba, jikokin matar ma sun je har gida sun zauna a gabansa. Ina yi masa fatan tsawon kwana, da kunne mai ji, ya amsa kowa ɗaya bayan ɗaya.